Saniyar Durba da Sanyin da Ba a Sa a Kasafi Ba

Saniya ba ta jiran zaman kwamiti. Idan ta fara neman bijimi, lokacin da za ta tsaya a barbare ta bai fi awa 12 zuwa 18 ba, a shanun gida masu tozo ma yakan gaza haka, kuma sau da yawa cikin dare yake zuwa. Idan ya wuce, sai an jira kwana 21.

A ɗauki misalin makiyayi a wata ruga da ke gefen Durba, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Ya ji a rediyo cewa barbarar zamani tana ba da 'yan maruƙa masu yawan nono, ya yarda ya gwada da saniyarsa mafi kyau. Da ya ga alama sai ya buga wa malamin dabbobi waya. Malamin ya iso a babur da ɗan tulun ƙarfe ɗaure a baya, ya zaro siririn tsinken roba mai ɗauke da maniyyin bijimi a daskare, ya narkar da shi a ruwan ɗumi, ya ɗura wa saniyar kamar yadda aka koya masa. Bayan mako uku saniya ta sake neman bijimi. Aka maimaita, aka sake faɗuwa. A karo na uku makiyayin ba zai kira kowa ba. Zai sakar mata bijimin garke, ranar kasuwa kuma ya gaya wa 'yan uwansa cewa abin nan na 'yan boko yaudara ce.

Dalilan da kan sa barbara ta ƙi kamawa suna da yawa: kuskuren lokaci, ramar saniya, cuta a mahaifa, ko rashin gwanintar hannu. Amma akwai dalili guda da ba a ganinsa da ido, kuma kusan ba a taɓa tuhumarsa, wato tulun nan na bayan babur. Idan ruwan da ke cikinsa ya taɓa ja baya har tsinken ya ɗan ji ɗumi, ko da makonni ne kafin ranar, to abin da aka ɗura wa saniyar ya riga ya lalace. Malamin bai sani ba, makiyayin bai sani ba, wanda ya rubuta rahoton shirin a ofis shi ma bai sani ba.

Shekara da shekaru ana tafka muhawarar inganta kiwo a Arewa a kan jinsin bijimi, da filin kiwo, da adadin matasan da aka horar. Sanyi, wanda shi ne ke riƙe da aikin barbarar zamani gaba ɗaya, an bar shi a matsayin ƙaramin sayayya da za a tuna da shi idan kuɗi ya ragu. Wannan kuskure ne, kuma ya fi zama abin takaici a yau, domin an yi ƙirƙire-ƙirƙire a zuciyar injinan tsananin sanyi da suka sa samar da wannan sanyi a kusa da garke ya zama abu mai yiwuwa.

Abin da ke cikin tulu

Ruwan da ke cikin tulun naitirojin ne, iskar da ta kai kashi 78 cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa. Idan aka sanyaya ta zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri sai ta zama ruwa garai-garai, mai tafasa a hankali ba tare da wuta ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, tazarar da ke tsakanin cikin tulun da wajensa ta wuce digiri 230. Tulun filas ne babba, bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, dabarar da James Dewar ya fito da ita a Landan a 1892. Yana rage shigar zafi, amma ba ya hana ta. Kowace rana ruwan yana raguwa, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Babban tulu mai ƙunƙuntar wuya yana iya kai watanni idan an bar shi a rufe, amma ƙaramin na goyon babur makonni kaɗan yake yi, kowace buɗewa kuma tana rage masa kwana.

Daskarar da maniyyi ya samo asali ne daga binciken Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes a Ingila a 1949, lokacin da suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar ƙanƙara. A farkon shekarun 1950 aka haifi ɗan maraƙin farko ta wannan hanya. A cikin ruwan naitirojin maniyyi yana iya zama shekaru da dama ba tare da ya canza ba. Sharaɗin ɗaya ne: kada ɗuminsa ya haura wajen digiri 130 ƙasa da sifiri. Daga nan ne ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ke fara motsi suna haɗuwa suna girma, suna yayyaga abin da aka adana. Ɓarnar tana taruwa, kuma mayar da tsinken cikin sanyi ba ya gyara ta. Tsinken da ya lalace da lafiyayye kamanninsu ɗaya, sai an narkar an duba da madubin likita kafin a bambance.

Ke nan ruwan naitirojin kaya ne mai ƙarewa ko ana aiki ko ana hutu, ko kasafi ya fito ko bai fito ba. Shirin da ya sayi tsinke dubu goma amma ya yi jinkirin mako biyu wajen cika tulu ya yi asarar dubu goman duka, kuma zai ci gaba da raba su ga jama'a yana ƙirga su a matsayin nasara.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Akwai cibiyar barbarar zamani a Kadawa, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tura matasan Fulani Turkiyya su koyo aikin. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, KSADP, mai kuɗi dala miliyan 95 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya sa inganta irin shanu cikin ayyukansa. A Shika kusa da Zariya akwai NAPRI, cibiyar binciken kiwo ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ke komawa gonar dabbobi da aka kafa a 1928. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro ma'aikata sukutum domin kiwo, kuma jami'anta na yawan ambaton kimanin dala biliyan 1.5 da ƙasar ke kashewa duk shekara wajen shigo da madara. Duk wanda ya saba sauraron sanarwar irin waɗannan shirye-shirye zai ji adadin shanun da za a yi wa barbara da adadin waɗanda aka horar. Da wuya ya ji lita nawa ta ruwan naitirojin ake bukata a wata, daga ina za ta zo, kuma wa zai biya bayan masu tallafi sun tafi.

Zugazugin da ke haifar da sanyi

Wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfon yana ɗumi a hannu. Iska idan aka matse ta tana zafi, idan aka sake ta tana sanyi. Injin tsananin sanyi bai wuce wannan ka'ida ba, sai dai ya tsara abin ta yadda matsewar za ta faru a wuri guda, inda ake kwashe zafin da ruwa ko fanka, sakewar kuma ta faru a wani wurin, inda ake son sanyi. Tsakanin wuraren biyu akwai ma'ajiyar zafi: ɗaruruwan siraran ragar ƙarfe da aka jera kan juna cikin bututu. Idan iskar ta nufi ɓangaren sanyi sai ta bar zafinta a jikin ragar, idan ta dawo sai ta karɓe shi. Da haka kowane zagaye ke ɗorawa a kan na baya, har bakin injin ya yi sanyin da naitirojin zai taru a jikinsa ya ɗiga kamar raɓa. Iskar da ke kai da komo a ciki hiliyom ce, domin ita ba ta zama ruwa sai a digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma a rufe take, ba ta ƙarewa sai in ta yoyo.

Abin da ke tura hiliyom ɗin ya janye shi, sau gommai a kowace daƙiƙa, shi ne injin bugun matsi. Aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙeri, da bambanci ɗaya: zugazugi yana fitar da iska ne ya ɗebo sabuwa, wannan kuwa iska ɗaya yake matsewa ya saki, matsi ya hau ya sauka kamar bugun zuciya. Shi ne ya fi cin wuta, shi ne ya fi nauyi, kuma galibi shi ne ke fara lalacewa. Dokar kimiyyar zafi ta ce domin a cire wat 1 na zafi daga sanyin ruwan naitirojin a jefar da shi a ɗumin ɗaki, sai an kashe aƙalla kusan wat 3 na wuta, ko da injin ba shi da aibi ko kaɗan. Injinan gaske suna cin wat 10 ko fiye. Duk abin da aka yi asara a injin bugun matsi, ana biyansa ninki-ninki a takardar kuɗin wuta.

Tushen dabarar tsoho ne. Robert Stirling, wani limamin coci a Sikotland, ya yi rajistar injinsa da ma'ajiyar zafinsa a 1816. A shekarun 1950 injiniyoyin kamfanin Philips a Eindhoven ta Holand, ƙarƙashin Jan Köhler, suka juya injin baya: maimakon a ba shi zafi ya ba da motsi, a ba shi motsi ya ba da sanyi. Wannan ya ba wa jami'a ko cibiyar dabbobi damar yin ruwan iskarta a ɗaki guda, ba sai ta dogara da katafariyar masana'anta irin wadda Carl von Linde ya share wa hanya a Jamus tun 1895 ba.

A 1964 William Gifford da Ralph Longsworth na Jami'ar Syracuse a Amurka suka bayyana bututun bugu, wanda ya kawar da duk wani ƙarfe mai motsi daga ɓangaren sanyi, ya bar iskar da kanta ta yi aikin fistin. Da farko sanyinsa bai taka kara ya karya ba. A 1984 Mikulin da abokan aikinsa a Mosko suka ƙara masa ɗan ƙaramin rami mai daidaita tafiyar iska, Ray Radebaugh a Amurka ya inganta shi a 1986, Zhu Shaowei a Sin ya ƙara masa mashiga ta biyu a 1990. Daga nan ɓangaren sanyi ya zama bututu da raga kawai, babu abin da zai goge ko ya karye. Matsalar duka sai ta tattara ta koma wuri ɗaya, wato injin bugun matsi.

Baƙin mai da hanyoyi huɗu na guje masa

Fistin mai kai da komo yana bukatar mai, in ba haka ba ya cinye kansa. Amma ɗigon mai kaɗan idan ya bi hiliyom ya isa ɓangaren sanyi zai daskare ya toshe ragar, injin ya daina aiki. Tarihin ƙirƙira a wannan fage kusan duka amsa ce ga tambaya ɗaya: ta yaya za a matse iska mai tsabta, sau biliyoyi, ba tare da mai ya taɓa ta ba kuma ba tare da ƙarfe ya goge ba?

Amsa ta farko ita ce ta Gifford da Howard McMahon, wajen 1960. Suka bar kwamfaresa mai amfani da mai, irin ta na'urar sanyaya ɗaki, suka bi ta da matatu masu tsane man, sannan suka sa bawul mai juyawa da ke haɗa injin da babban matsi da ƙarami bi da bi, sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa. Irin wannan ne ke riƙe sanyin yawancin na'urorin MRI a asibitoci. Yana da sauƙin samu, amma bawul ɗin yana ɓarnar wuta, matatar ƙarshe kuma tana da wa'adin da dole a canza ta. Inda aka saba ɗage gyara sai abu ya tsaya, wannan wa'adi tarko ne.

Amsa ta biyu ta fito daga Jami'ar Oxford, inda Gordon Davey ya rataye fistin a kan faifan sifirin masu lanƙwasa gaba da baya amma ba sa barinsa ya karkata gefe. Maganaɗisun lantarki ke tura shi kai tsaye, kamar yadda ake girgiza lasifika. Tsakaninsa da bangon silinda akwai tazara da ba ta kai kaurin gashi ba, saboda haka ba ya taɓa komai, ba ya bukatar mai. An harba irinsa cikin tauraron ɗan'adam a 1991, kuma jikokinsa sun yi aiki fiye da shekara goma a sararin samaniya ba tare da hannu ya taɓa su ba. William Beale na Jami'ar Ohio ya bi wata hanya makamanciya da fistinsa mai yawo a kan matashin iska, wadda daga gare ta aka samu firizojin da ke kai digiri 80 ƙasa da sifiri, irin sanyin da rigakafin korona na Pfizer ya bukata lokacin da Najeriya ta yi ta fafutukar tanadin irin waɗannan firizoji a 2021. Aibin wannan zuri'a shi ne tsada idan aka so babba, kuma idan ya lalace babu abin da makaniki zai iya yi masa, sai a mayar wa maƙerinsa.

Amsa ta uku ta kawar da fistin ɗungurungum. A 1990 Greg Swift da Radebaugh suka nuna cewa zafi kaɗai yana iya tayar da ƙara mai ƙarfi a cikin bututu, ƙarar kuma ta zama bugun matsin da ake bukata. Inji ne marar ko ƙarfe ɗaya mai motsi. Abin sha'awa ne, amma har yanzu bai zama kayan da ake saye a saka a cibiyar dabbobi ba.

Amsa ta huɗu ita ce ta fi dacewa da ƙasar Rano. A birnin Christchurch na Niyu Zilan, injiniya Alan Caughley na cibiyar binciken masana'antu ta gwamnati ya yi watsi da ƙoƙarin raba injin da mai. Ya bar mota ta lantarki irin ta kowace masana'anta, da kiranshaf, da boris, da baƙin mai, duka a gefe ɗaya. A ɗaya gefen hiliyom mai tsabta. Tsakaninsu ya shimfiɗa faffaɗan faifan ƙarfe marar kauri, a ɗaure ta gefe kamar fatar ganga. Kiranshaf yana tura faifan tazara 'yar kaɗan, faifan yana matse iskar, kuma babu wata kafa da mai zai bi ya ƙetare. Faɗin faifan ne ke rama gajartar motsinsa. An tsara shi ne tun farko domin masana'antu, inda ake son inji mai araha, mai jure wahala, wanda ma'aikacin gyara na yau da kullum zai iya kula da shi. Kamfanin Fabrum na wannan birni yana ƙera injinan ruwan naitirojin a kan wannan dabara.

Abin lura a nan shi ne inda aka ajiye wahalar. Mota, boris, famfon mai da canjin mai a kan lokaci, ilimi ne da ke cike a garejin Kano, kayansa kuma ba baƙi ba ne a kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da ya rage a hannun ƙwararre shi ne faifan, wanda ke da iyakar lanƙwasar da zai jure, da hiliyom ɗin, wanda dole a shigo da shi daga ƙasashe kaɗan masu samar da shi irin su Amurka, Katar da Aljeriya. Inji ne da aka raba shi gida biyu: kaso mai yawa na makanikin gari, kaso kaɗan na injiniya. Jami'in da zai sa hannu a kwangilar sayen injin ruwan naitirojin ba tare da ya tambayi wace irin zuciya ke cikinsa ba, ya sayi doki ne bai duba haƙoransa ba.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa wannan zance ya yi wa ƙasar da ba ta iya riƙe wutar firji ba girma. Hujjar tana da nauyi, amma ta manta wani abu. Firiza tana bukatar wuta dare da rana, ɗaukewar yini guda tana iya kashe abin da ke ciki. Ruwan naitirojin kuwa sanyi ne da aka zuba a tulu, ana yinsa lokacin da akwai wuta, a ajiye, a ɗauka a babur zuwa rugar da ba ta taɓa ganin turken lantarki ba. Injin da ke ba da lita 10 a awa yana cin wutar da ta ɗan haura kilowat 10. Wannan bai fi ƙarfin filin sola matsakaici ba, kuma bai kai kashi 1 cikin 500 na megawat 10 da aka tsara tashar wutar Dam ɗin Tiga za ta bayar ba, ga Tiga kuma nan a maƙwabtaka. Kashewa da kunnawa suna rage amfanin injin, domin sai ya sake sanyaya kansa kowane karo, amma wannan lissafi ne da injiniya zai iya yi.

Wasu kuma na cewa saye daga manyan masana'antun iska ya fi araha. A bakin masana'anta haka ne, babu ƙaramin injin da zai yi gogayya da su a farashin lita. Sai dai litar da ta dace a ƙirga ita ce wadda ta iso cikin tulun malamin dabbobi a Kibiya a ranar da ake bukatarta, bayan abin da ya ƙafe a hanya da abin da ya tashi a kowace juyewa daga tanki zuwa tulu. Inda ɗan kasuwa zai iya sa hannu cewa zai kawo a kan lokaci, da tara idan ya saɓa, a saya a wurinsa. Inda babu mai wannan alkawari, ƙaramin inji ne inshorar dukiyar da ke cikin tulu. Kenya ta fahimci haka: cibiyarta ta irin dabbobi da ke Kabete, wadda ta faro tun 1946, tana yin ruwan naitirojin da kanta, ta kuma kafa injina a wasu yankuna domin rage nisa.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi. Ɗan maraƙin da aka haɗa da jinin Friesian yana bukatar abinci, ruwa, inuwa da magani fiye da Bunaji, idan bai samu ba kuwa ya fi uwarsa saurin mutuwa. Wannan gaskiya ce, kuma duk shirin da ya raba maniyyin waje ba tare da tanadin ciyawa da dusa ba ya cuci makiyayi. Amma tulu bai san jinsi ba. Sanyin da ke adana maniyyin Friesian shi ne zai adana na zaɓaɓɓen bijimin Bunaji, ko Bokolon Sakkwato, ko Azawak irin wanda Nijar ke tacewa a Tukunus. Bijimi nagari ɗaya a raye yana hidimar garke ɗaya ko biyu na 'yan shekaru, a daskare kuwa yana iya kaiwa dubban shanu har bayan mutuwarsa. Wanda ke kishin shanun gida ya fi kowa bukatar wannan sanyi.

Akwai kuma masu cewa mafi hikima shi ne a guje wa sanyin baki ɗaya. Tarihi yana goyon bayansu a wani wuri. Cutar bushiya, wadda ta yi wa garken Najeriya mummunar ɓarna a 1983, an ci galabarta a lungunan Afirka ne bayan Jeffrey Mariner da abokan aikinsa sun samar da rigakafi mai jure zafi, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Ita kanta Niyu Zilan yawancin barbararta da ɗanyen maniyyi take yi, wanda ke ƙarko kwanaki kaɗan. Sai dai can shanu suna jere a gonaki masu lamba, ana barbararsu a kaka ɗaya, ana kai kaya kowace safiya a kan hanya mai kyau. Garken da ke warwatse tsakanin Durba da Rano da gefen dajin Falgore, wanda ke tashi idan ciyawa ta ƙare, ba zai samu wannan ba. Daskararren tsinke shi ne ke iya jiran saniya.

Abin da ya kamata a tambaya

Dalilin sakacin ba jahilci ba ne kaɗai. Gini da mota da tulu sababbi suna shiga babin manyan ayyuka, ana yanke musu ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Ruwan da ke ƙafewa kullum yana babin ayyukan yau da kullum, inda ake fara yanka idan aljihu ya tsuke, kuma babu wanda ya taɓa cin zaɓe domin ya cika tulu. Lalacewar ba ta da ƙara ko wari. Idan gada ta karye kowa ya gani, idan tsinke ya mutu sai a ɗora wa saniya laifi, ko a ce makiyayi ba ya son ci gaba.

Gyaran yana farawa ne daga tambayoyin da ɗan majalisa, ɗan jarida, akanta da likitan dabbobi ke da ikon yi. Kowane shirin barbara ya bayyana litar da yake bukata a wata da inda za ta fito. Kowane tulu ya kasance da littafin awo, a tsoma sanda a rubuta zurfin ruwan duk mako, kamar yadda ma'aikatan rigakafin yara ke rubuta sanyin firjinsu safe da yamma. A riƙa narkar da tsinke ɗaya daga kowane tulu lokaci-lokaci a duba shi da madubin likita. A daina auna nasara da adadin shanun da aka ɗura wa, a auna ta da adadin waɗanda suka ɗauki ciki.

Idan za a sayi inji, kwangilar ta faɗi nau'in injin bugun matsin da ke ciki, awa nawa yake yi kafin gyara, waɗanne kayan gyara za a ajiye a Kano, da sunayen ma'aikatan da za a koya wa. Injin ya sayar da rarar ruwansa ga asibitocin koyarwa da ɗakunan binciken jami'o'i, waɗanda su ma ke bukatarsa, domin ya riƙe kansa. Horon ya haɗa da kiyaye rai, domin lita ɗaya tana komawa kusan lita 700 ta iska, tana iya kore iskar numfashi daga rufaffen ɗaki ko mota ba tare da an ji komai ba. Makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana nan a Rano, Jami'ar Aliko Ɗangote tana Wudil, Jami'ar Bayero tana birni. Ɗalibin injiniya da ya kwance ƙaramin injin Stirling ya mayar, ya auna bugun matsinsa, ya fi amfani ga jihar da ke da dubban garke fiye da wanda ya haddace zanensa domin jarrabawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makiyayin Durba ya ba da abin da ya fi kuɗi tsada a wurinsa, wato yardarsa da kwanakin saniyarsa. Kowane zagaye da ya faɗi yana tura haihuwar gaba da mako uku, watakila har ta faɗa tsakiyar rani lokacin da babu ciyawa, yana kuma rage nonon da matarsa za ta kai kasuwa. Idan ya juya baya, ba shi kaɗai ya juya ba, rugarsa da ta maƙwabtansa sun bi shi, kuma shiri na gaba zai tarar da ƙofa a rufe. Kafin a sake kiransa taro a roƙe shi ya rungumi zamani, ya cancanci a iya gaya masa ranar da aka cika tulun da za a kawo masa, da wanda ya auna shi.